Teku Ba Ta da Gefen Hanya

Ɗakin da aka zuba mu a Oron, can bakin ruwa wajen Kalaba, ba shi da taga, kuma ƙarnin kifi ya kama bangonsa har tufafinmu suka ɗauka. Mu ne fasinjojin jirgin Panya. Panya shi ne sunan da mutanenmu ke kiran tsibirin da birnin Malabo yake, inda maigidana, Baban Ummi, ya daɗe yana sayar da kayan koli, har ya aiko in bar 'yarmu Ummi wajen mahaifiyata Inna a Sheme in je in same shi. Mace ba ta yin irin wannan tafiya ita kaɗai, don haka aka haɗa ni da wana, Yaya Lawal, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ma ba rakiya kawai ta fito da shi ba. Gonarsa ta Tafoki ta gagare shi zuwa, 'yan bindiga ke kiwo a cikinta, saboda haka ya bar matarsa da 'ya'yansa ya ce bari ya gwada arzikinsa a ƙetare. Abin da nake roƙon Allah ɗaya ne tun da muka fito, mu sauka tsibirin nan mu biyu yadda muka taso mu biyu.

Dillalin da ya karɓe mu, Alhaji Ɗanjuma, mutum ne mai tumbi da dogon carbi, kuma ba ya kallon idon wanda yake wa magana. A bangon shagonsa akwai hoton wani farin jirgin ruwa mai hawa-hawa, da kududdufin wanka a samansa, Turawa kwance a gefe an shanya su kamar barkono. Yaya Lawal ya tambaye shi ko wannan ne namu. Alhaji ya ja carbi ya ce, “Ƙanensa ne.”

Daga ranar Yaya Lawal bai sake zama lafiya ba. Ya fito da shuɗiyar shaddarsa ta Sallah ya ninke ya sa ƙarƙashin tabarma don ta kwanta. Ya raba kilishi da ƙuli-ƙuli gida biyu, na hanya da na tsaraba. Kullum sai ya koma shagon da sabuwar tambaya, ko akwai masallaci a ciki, ko ana ba da shayi, ko an yarda mutum ya hau da buta.

“Saude, ke ki kama ƙasa,” in ji shi. “Ni benen bisa za ni hau, inda iska take.”

Na ce, “Kai da ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba?”

“To mi? Jirgi ai mota ce, ruwa ne titin ta.”

Na yi masa tsaki, ya yi mini dariya. Haka muke tun muna yara, ni da saurin fushi, shi da saurin ƙafa.

Maganar ƙafar nan ba wasa ba ce. A wajenmu, daga Sheme zuwa Ƙanƙara, daga Faskari zuwa Sabuwa, akwai karatun da ba a makaranta ake yinsa ba. In kana cikin mota ka ji harbi, ba ka tambaya, ba ka neman takalmi. Ka buɗe ƙofa, ka sunkuya, ka faɗa cikin dawa ko masarar da ke gefen hanya, ka yi ta gudu. Wanda ya zauna a kujera shi ake tafiya da shi daji, ko a bar shi nan kwance. Na gani da idona ranar wata kasuwar Ƙanƙara. Muna dawowa da yamma aka buɗe mana wuta daga bayan wani dutse, kan direba ya faɗa kan sitiyari, jininsa ya fantsamo mini a mayafi. Ni na sandare. Yaya Lawal ne ya daki ƙofa da ƙafa, ya fizgo ni ta wuyan riga, ya ja ni a ƙasa har cikin dawa, gwiwoyina duk suka sale. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tsaya ɗaukar ƙullin kayanta. Washegari aka yi mata sutura. Sau da yawa irin wannan ta rutsa da shi, kuma bai taɓa shiga hannunsu ba. Yana alfahari da haka, mu ma muna yi.

Ranar tashi aka kora mu bakin ruwa bayan sallar asuba. Na duba gabas na duba yamma, ban ga farin jirgi ba, ban ga ƙanensa ba, ko ɗan ƙanensa ban gani ba. Abin da ke gabanmu wani ƙaton kwalekwale ne na katako, baƙi ƙirin, da injina biyu a gindinsa, an labta masa buhunan garin rogo da katifu da durom-durom na mai har bakinsa ya kusa shan ruwa.

Yaya Lawal, cikin shaddarsa, ya je gaban Alhaji Ɗanjuma ya ce, “Alhaji, ka ji tsoron Allah. Wanga akwatin gawa za ka sa mu ciki?”

Alhaji kai kawai ya ɗaga. Wasu ƙarti da ke lodi suka ajiye buhu suka taho. Na farko ya zabga wa Yaya Lawal filafilin tuƙi a gadon baya, na biyu ya naushe shi a baki, ya faɗi cikin taɓo, suka bi shi da ƙafa. Ban san lokacin da na rarumi kwanon shanmu na kwaɗa wa ɗaya a ƙeya ba. Ya juyo ya shaƙe ni da mayafina har na ga duhu. Da wata mata ba ta shiga tsakani tana zazzaga musu masifa da yarensu ba, ban san inda abin zai tsaya ba. Shi kuwa Alhaji har lokacin carbinsa yake ja. Na faɗa masa abin da ba zan iya rubutawa a nan ba, kuma har gobe ban janye ba.

Matar nan Eka Ime ake ce mata, 'yar kasuwa ce mai kai busasshen kifi da manja tsibirin, ƙatuwa, da murya kamar ta namiji. Ta taɓa zama a Funtuwa, tana jin Hausa tsinto-tsinto. Ita ta wanke wa Yaya Lawal baki da ruwan leda, ta ba mu namijin goro da lemun tsami saboda amai, ta zaunar da ni kusa da ita a tsakiyar jirgi inda mata suke. Maza aka tura su gefe-gefe a kan buhuna. Komawa baya kuwa babu ita, mun sayar da abin da za mu sayar, kuma me za mu koma mu tarar?

Da muka fara ratsa rafuka, itatuwa tsaye cikin ruwa da saiwoyinsu a waje, sai Eka Ime ta kama kunnena ta ce, “Ƙanwa, ruwa akwai ɓarawo. Ka ji bindiga, kwanta. Kwanta kawai. Ba tashi, ba gudu.”

Na rarrafa kan buhuna na je na gaya wa Yaya Lawal. Yana zaune da wani ɗan Sabuwa, Malam Idi, wanda suka saba a ɗakin Oron, suna cin ƙuli-ƙuli, shi yana taunawa da gefe ɗaya saboda leɓensa ya kumbura.

Na ce, “Yaya, an ce in an yi harbi a kwanta. Ka ji ko? A kwanta.”

“Na jiya.”

“Ba na jiya ba. Nan ba hanyar Ƙanƙara ba ce.”

“Ke Saude, ni za ki koya ma bindiga? Na ce na jiya. Ina za ni, halan? Ga ruwa nan ko'ina.”

Malam Idi ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, su ba yara ba ne. Na koma wurina.

Sai rafi ya buɗe, ƙasa ta ja baya, ta zama zare, ta ɓace. Ban taɓa sanin akwai wuri a duniya da ba shi da ko bishiya ɗaya ba. Jirgin ya riƙa hawa yana faɗawa, ruwan gishiri yana marinmu, mata suna amai cikin leda, wasu suna kiran Yesu, mu muna salati. Na yi amai har sai da ya zama ba abin da ke fita sai ɗaci. A nan kewar gida ta kama ni. Na tuna tsakar gidanmu, da turmin Inna, da Ummi tana bin kaji, na ji ko harbin Sheme na yafe, a mayar da ni inda ƙafata za ta taka ƙasa. Da azahar ta yi na hango Yaya Lawal yana tambayar wani ma'aikacin jirgi alƙibla da hannu. Mutumin ya nuna masa gaba, jirgi ya juya, ya nuna masa baya. Yaya Lawal ya ɗaga kafaɗa ya yi sallarsa a zaune, shaddar nan ta jiƙe ta manne masa. Da ya sallame ya hango ni, ya nuna saman buhunan da yake kai, wai ga shi a bene.

Rana ta ɗan karkata lokacin da muka ji wani inji da ba namu ba. Ƙaramin jirgi ne mai gudu, hancinsa a sama, ya fito ta bayanmu. Mutanen ciki sun ɗaure kawunansu da jan ƙyalle. Direbanmu ya ƙara wuta, amma jirgin da ke ɗauke da garin rogo ina zai je? Eka Ime ta ce, “Kwanta!” ta danna kaina cikin ruwan da ke ƙasan jirgi.

Sai harbi. Irin ƙarar nan dai da na sani, ba ta da bambanci da ta gida. Mai riƙe da inji ya yi ƙara ya faɗo kan durom, kafaɗarsa a fashe. Kowa ya kwanta, Inyamurai da mutanen Kalaba da 'yan Kamaru, kowa ya manne da katako. Ni kuwa na ɗaga kai, don na san wanda nake da shi.

Na gan shi. Ya sunkuya, ya dafa bakin jirgi da hannun hagu, ya tura kafaɗa gaba yadda ake tura ƙofar mota, ya fita. Ko waiwaye bai yi ba. Malam Idi ya bi bayansa. Cikin mutanen da suka cika jirgin nan, su biyu kaɗai suka yi haka, kuma su biyu kaɗai ne 'yan wajenmu. Kunnensa ya ji maganata, na tabbata ya ji. Ƙafarsa ce ba ta ji ba, ita shekara da shekaru abu ɗaya aka koya mata.

Na miƙe ina ihu. Lokacin 'yan fashin sun riga sun haɗa jirginsu da namu suna tsallakowa. Su kansu sun yi turus, ɗaya ya leƙa ruwa ya ce wani abu, sauran suka yi dariya. Ina ganin Yaya Lawal, ba nisa, shaddar ta kumbura ta taso masa har wuya, hularsa ta rabu da shi, bakinsa a buɗe. Na rarumi wata jarkar manja da ba komai a ciki na wurga da iya ƙarfina. Kafin in ɗauki ta biyu gindin bindiga ya same ni a baki. Na ji haƙorana sun karye, na faɗi, na tashi, na kama ƙafar wandon mutumin ina nuna masa ruwa ina cewa, “Wana ne! Wana ne!” Hausa nake yi masa, ko da wane yare zan yi? Ya taka mini hannu da takalminsa ya murza, wani ya zo ya shimfiɗa mini gefen adda a baya har sau nawa ban sani ba. Eka Ime ta faɗo kaina ta rufe ni da jikinta, sauran dukan ita ta sha.

Ba su yi sauri ba. Suka bi mu ɗaya bayan ɗaya suna karɓar waya da jaka, suna zazzage mata. Wani ɗan kasuwa ya ɓoye wayarsa a cikin takalmi, suka sare shi a hannu, yatsunsa biyu suka faɗi cikin ruwan ƙasan jirgi kusa da fuskata. Suka kwance inji ɗaya suka ɗauka, suka kwashi mai. Duk wannan lokacin jirginmu yana tafiya da igiyar ruwa, ni kuma ina ƙarƙashin Eka Ime ina lissafin numfashin da mutum zai iya yi. Ban taɓa tsanar ɗan Adam ba kamar yadda na tsani mutanen nan, kuma ban ce na daina ba.

Da suka tafi direba ya ce man da ya rage ba zai kai mu yawon nema ba. Eka Ime ta tashi, bayanta duk jini, ta ci kwalarsa, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ban san me ta ce ba, amma ya juya jirgi. Muka yi ta zagaye, ina kiran sunan Yaya Lawal da bakin da ba ya fitar da suna daidai. Can wani ya hango abu ja yana lilo. Jarkata ce, da mutum rungume da ita. Na ce Allah na gode. Da aka jawo shi sai ga Malam Idi.

Allah ya yafe mini, a lokacin ban yi murna ba. Ya kwanta yana aman ruwa, da ya samu magana ya kama gefen zanena yana kuka.

“Wallahi ban san na hita ba,” in ji shi. “Sai ji na yi babu ƙasa. Na gane shi, shina kusa da ni, na miƙa mashi hannu. Gudu yake, Saude. Ƙahwahunshi gudu suke cikin ruwa, har ya nutse gudu yake.”

Muka ƙara zagaye har rana ta yi ja. Ko hular ba mu samu ba.

Da inji ɗaya muka ja jiki, sai washegari da hantsi tsibirin ya bayyana, wani ƙaton dutse kore shar da gajimare a kansa, yashin bakin ruwansa baƙi. An ce wuri ne mai kyau. Ni ban ga kyansa ba. Baban Ummi yana cikin masu jira. Ya dube ni bai gane ni ba sai da na yi magana, sannan ya duba bayana yana neman na biyu. Eka Ime ce ta gaya masa. Ta raka mu har wajen mai magani, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mini hannu, ta tafi neman abin da ya rage na kayanta. Ban sake ganinta ba, kuma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Hausawan Malabo suka yi wa Yaya Lawal sallar gawa babu gawa. Saura gida. Baban Ummi ya ce shi zai kira, na ce a'a, uwata ce. Na jira kumburin bakina ya sauka, na kira wayar Hinde, matar Yaya Lawal, na ce ta kai wa Inna. Na faɗi yadda aka yi tun daga harbin. Inna ta saurara har na gama.

Ta ce, “Ya dai samu ya hita?”

“Ya hita, Inna, amma…”

“To alhamdu lillahi. Wanda bai hita ba shi ake ma kuka. Ku ba shi kwana biyu, shina nan laɓe wani wuri.”

“Inna, ruwa ne.”

“Yo ruwa ba shi da gaɓa? Lawal ne hwa. Ke kin san shi.”

Na ce, “Inna, Yaya Lawal ya rasu.”

“Wa ya ga gawa tai?”

Na ce, “Ba wanda ya gani.”

“To kada ki ƙara hwaɗa mani haka. Mutum nawa anka yi ma zaman makoki garin nan, sunka dawo da ƙahwassu?”

Gaskiyarta, an yi haka ba sau ɗaya ba. Ta hana a shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Malamai suka je, ta ce su sha ruwa su tafi. Ta hana Hinde kwance kitso ta shiga takaba, ta ce ba za a yi wa ɗanta fatan mutuwa a cikin gidanta ba. Hinde ta rasa inda za ta sa kanta, ba ta da miji kuma ba a ce mata ya mutu ba, ta kira ni tana kuka a ɓoye. Ni kuma haushi ya ishe ni, na Inna, da na Yaya Lawal, da na ƙasar da ta koya wa mutum abin da zai kashe shi. Na gane Inna ba gardama take ba. Babban ruwan da ta taɓa gani shi ne rafin da ke cika da damina, wanda ake tsayawa a wannan gaɓa a yi wa na waccan gaɓa magana.

Ranar wata Juma'a da safe, da sabis ya yi kyau, na karɓi wayar Baban Ummi na gangara bakin teku, inda babu gini babu jirgi. Na yi kiran bidiyo na ce wa Hinde ta zauna kusa da Inna ta riƙe mata. Na ga fuskokinsu biyu a matse cikin gilashi, da bangon ɗakin Inna a bayansu.

Na ce, “Inna, ga inda ya hita.”

Na juya wayar. Na fara daga hannun hagu, na tafi da ita a hankali har hannun dama, na dawo. Ruwan ne kawai ke ƙara. Na tallafe hannuna mai ciwo da ɗayan.

Can na ji muryarta. “Matsa gaba in ga ƙarshen shi.”

“Babu, Inna.”

“Can baya hwa, inda ya haɗe da sama?”

“Ruwa ne. In kin je can ma haka za ki gani. Wuni guda muna tahiya ba mu ga ƙasa ba.”

“Ba ko kara?”

“Ba ko kara.”

Na juyo da wayar. Inna ba ni take kallo ba, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta a kan gwiwa. Hinde ta toshe baki da mayafi. Sai Inna ta miƙa hannu ta karɓi wayar, ta kife ta a kan tabarma, na koma ganin duhu. Amma ba ta kashe ba, ina jin su.

Ta ce, “Hinde, taho nan ɗiyata. Juyo in kwance maki kitson ga.”